Yadda ake lissafin Monte Carlo kafin ka zuba kuɗinka a ajiyar masara

Abin da ke damuna da lissafin da muke yi shi ne lamba ɗaya tak ake fitarwa, a ce ribar za ta kai kaza, alhali farashin gobe sai Allah. Monte Carlo ita ce maganin wannan, wato hanyar sa kwamfuta ta maimaita lissafi sau dubbai, kowane zagaye da lambobin da ta zaɓo kamar ƙuri'a, don ka ga duk yadda sakamakon zai iya kasancewa. Stanislaw Ulam da John von Neumann suka ƙirƙiro ta a Los Alamos ta Amurka a shekarun 1940, sunan kuma na wata unguwa ce a Monako da ta yi suna da gidan caca.

A ce za ka sayi masara buhu 100 da kaka ka ajiye zuwa bazara.

Da farko ware abubuwan da ba ka da tabbas a kansu, wato farashin ranar sayarwa, kuɗin mota da buhunan da ƙwari za su ɓata. Kuɗin saye ka san shi, bar shi yadda yake.

Na biyu kowanne ka ba shi lamba uku, mafi ƙaranci, wadda ka fi sa rai, da mafi yawa. Gaskiya nan ne aikin yake, kar ka zauna a ɗaki ka ƙago su, je ka tambayi dillalai ka duba farashin shekarun baya, domin in ka ba kwamfuta shirme to shirme za ta dawo maka da shi ko sau miliyan ta juya. A Python, wato wani harshen ba kwamfuta umarni, da kayan lissafinsa na NumPy da ake taƙaita wa np, misalin ɓarnar buhu sai ka rubuta np.random.triangular(1, 4, 12, 10000), ta zaɓo maka lamba 10,000 tsakanin 1 da 12, yawancinsu kusa da 4.

Na uku ka lissafa ribar kowane zagaye. Ka sa np.random.seed, wato lambar da kwamfuta ke fara zaɓen daga gare ta, tun a sama don sakamakon ya maimaitu in ka sake kunnawa.

Na huɗu, kuma nan na fi so mutane su nutsu, kar ka tsaya kan matsakaicin riba kawai. Ƙirga sau nawa aka faɗi. In 1,800 ne cikin 10,000 to kashi 18 ke nan, sai ka tambayi kanka ko jarinka zai ɗauka. np.percentile a kan 5 da 95 zai nuna maka ƙasa da sama, wato ribar da kashi 5 na zagayen kawai suka gaza ta da wadda kashi 5 kawai suka wuce ta.

A kula, wasu abubuwan tare suke tafiya, mai ya tashi kuɗin mota ya tashi farashi ya biyo, in ka zaɓo su daban-daban lissafin zai yaudare ka. Sannan in sakamakon na rawa duk sanda ka canza seed, ƙara zagaye, amma sai ka ninka sau huɗu kafin rawar ta ragu da rabi.