Kurakuran da masu motar haibirid ke ta maimaitawa, na gaji da gani

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya koma neman motar da ba ta shan mai, motocin haibirid, wato masu haɗa injin fetur da babban batir wajen tafiya, irin su Prius da Camry haibirid da Lexus ES 300h sai shigowa suke daga Kwatano da Legas, amma wallahi abin da nake gani a garejin Kano da Kaduna ya isheni. Mutum ya zuba miliyoyi, ba a jima ba dashbod ya kunna jar alama, sai ka ji yana cewa ai haibirid ba motar ƙasarmu ba ce. Lafiyar motar ƙalau malam, riƙon tsohuwar Corolla ka yi mata.

Tun wajen saye ake fara tafka ta. Toyota ta fito da Prius a Japan a 1997, Honda ta biyo da Insight a 1999, daga nan Ford da Hyundai da Kia kowa ya shigo, yanzu ga kamfanonin China, BYD ma ta daina ƙera mota mai fetur zalla tun 2022. Gasar nan ta sa kowa na manna tambarin haibirid a bayan motarsa alhali ba iri ɗaya ba ne. Akwai wadda batirin ke jan motar shi kaɗai a gosulo inji ya yi shiru, irin ta Toyota. Akwai wadda sai an jona ta a wuta ake cin moriyarta, to kai da unguwarku ke kwana uku ba wuta ai nauyin batir kawai za ka riƙa ja. Akwai kuma mai ɗan batir na 48 volt da ke tallafa wa inji wajen tashi, ragin manta kaɗan ne. Ni dai a nan yankin Toyota ko Lexus nake cewa a saya, ba don sauran ba su iya ba, don dai in wani abu ya lalace za ka same shi a Ƙofar Ruwa ko Panteka.

Kuma kar ka biya sai an sa kwamfuta an duba batirin. Prius daga 2004 zuwa 2015 gutsattsarin batir 28 ne aka jera a ciki, wutarsu ta haura 200 volt, guda ɗaya ya yi rauni duk sauran sun shiga uku. Wasu dillalan suna goge laifin daga kwamfutar motar kafin ka iso, don haka ka tuƙa ta da nisa da esi a kunne sannan a sake dubawa. Ka ga kwamfuta ta nuna lambar P0A80, wato babban batir na neman canji, ka yi sallama ka tafi.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona min rai, gyaran esi. Wani mai esi ya taɓa cin min kuɗin da har yau in na tuna sai na yi tsaki, gas kawai na ce ya ƙara min, shi kuma don gwaninta ya ƙara har da mai, irin man da yake zuba wa kowace mota. Kwamfiresan haibirid ba bel ke juya shi ba, na lantarki ne, wayoyinsa a jiƙe suke cikin man kuma wutar babban batir ce ke bi ta cikinsu, shi ya sa mai na musamman yake sha, ND-11, wanda wuta ba ta bi. Ka zuba na gama-gari sai mota ta ji wuta na zurarewa ta ƙi kawo READY, alamar da ke nuna ta tashi, gaba ɗaya, kuma man ya riga ya zagaye ko'ina, sai da aka canza kwamfiresa da kwandensa aka wanke layi. Da na koma masa cewa ya yi shekara ashirin yana wannan sana'a. To shekara ashirin ɗin ne suka kashe min mota! Yanzu ni nake zuwa da maina, in tsaya a kansa har ya gama, ko tiyon da ya yi wa wata mota aiki da shi ba na yarda ya jona min.

Sai kuma zafi da ƙura. Batirin yana da fanka da ke zuƙo iska daga cikin mota ta wata kafa a gefen kujerar baya, sai ka ga an yi wa kujeru riga an rufe kafar ruf, ko an jingina buhun shinkafa ko jakar makaranta a wurin, haba jama'a. Ga ƙurar hunturu ta cika fankar, ga zafin bazara a Sakkwato ko Maiduguri ya haura digiri 40, kai kuma ka kashe esi wai kana tattalin mai, batir na dahuwa a bayanka. Ni duk ƙarshen hunturu sai an kwance fankar nan an share, kuma da rana ba na tafiya ba esi, wasu na cewa na cika tsanani, su suka sani.

Tamostat ma, abin nan da ke daidaita zafin inji, kar ka bari a cire maka kamar yadda aka saba, inji zai ƙi yin ɗumi ya yi ta aiki ba hutu, man da ka sayi motar don ragewa ya tafi. Baƙin mai ka bi abin da aka rubuta a murfi, masu 0W-20 ba a zuba musu mai kauri. Tankunan ruwa biyu ne, na inji da na inbata (na'urar da ke sarrafa wutar babban batir), duka ruwan nan mai ruwan hoda suke sha, ba fiya wata ba.

A gosulo ka bar giya a D ko P, a N batir ba ya caji. Mai ya ƙare ka faka, kar ka ce za ka lallaɓa da batir zuwa gidan mai. Za ka tafi Hajji ko doguwar tafiya, ka bar wanda zai riƙa kunna ta duk mako. Mota ta ƙi tashi da safe, fara duba ƙaramin batir na 12 volt kafin wani ya tsorata ka da kuɗin babba. Wayoyi masu ruwan lemo kuwa, in ka ga mai rewaya ya nufe su hannu tsirara ba tare da ya zare fulogin babban batir ba, ka daka masa tsawa tun daga nesa, wannan wutar kisa take.