Kurakuran da ɗalibai ke yi da ƙaramin obin a hostel

Kafin a kai ga kaza ko kek, a fara da waya. Ƙaramin obin na kan tebur yana cin wuta wajen wat 1,200 zuwa 1,500. Filogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi yana da fis na amfiya 13, wato iyakarsa kusan wat 3,000 a kan wutar bolt 230. To, ku lissafa: sanyin Jos ya sauko, ɗaya ya jona hita don ruwan wanka, ɗaya yana guga, kai kuma ka kunna obin, duk a kan ekstenshan guda mai siririyar waya da aka sayo da araha a kasuwar Taminus. An wuce iyaka tun tuni. Robar takan fara laushi, sannan wari, sannan baƙi a bakin soket. Wai har akwai mai cire fis ɗin da ya ƙone ya cusa guntun waya a gurbinsa. Haba jama'a! Ɗakin mutum huɗu ko shida, katifu a ƙasa, labule na reto, da ran wa kuke wasa? Obin ya shiga soket ɗin bango shi kaɗai. Bayan minti goma a taɓa filogin, in ya yi zafi a kashe, a nemo mai gyara. Kuma a fara tambayar masu kula da hostel, don wurare da yawa sun hana kayan dumama.

Na biyu shi ne maiƙo. Kitsen kaza yana ɗiga kan ƙarfen da ke yin ja a ƙasa, ɓurɓushi ya taru, wata rana ya kama. Ni dai ba na gasa nama sai da faranti a ƙarƙashi, kuma in ya huce nakan goge shi a ranar. Idan wuta ta tashi a ciki, a zare filogi, a bar ƙofar a rufe har ta mutu. Buɗewa iska ce za ta rura ta, ruwa kuwa kada ma a kusanto da shi.

A bar tazarar akalla santimita 10 tsakanin obin da bango, kada a aza burodi ko leda a samansa. Robar abinci ba ta shiga ciki. Takardar foyil kada ta taɓa ƙarfen wutar.

A dumama shi minti goma kafin a sa komai. Da yake abinci yana kusa da wutar sama, saman kek kan ƙone cikinsa na ɗanye. A sauko da shi layin tsakiya, a rage digiri 10 daga abin da aka rubuta a tsarin girkin. Jos kuma tana sama da mita 1,200 daga teku, shi ya sa kek kan kumbura da wuri ya lotse. Nakan rage kwatan bekin hoda, in ƙara madara cokali ɗaya.

Dankalin kasuwar Farin Gada ta Jos a tafasa shi minti biyar, a tsane, a shafa mai kaɗan, a baza shi layi ɗaya a digiri 200. In aka cunkusa, turara zai yi maimakon gasuwa.