Rage Ƙiba Ga Mai Ciwon Suga Nau'i Na Biyu

'Yan'uwa, mai ciwon suga da ke son rage ƙiba bai kamata ya fara da ƙin cin abinci ba. Idan yana yin allurar insulin, wato sinadarin da ke taimaka wa jiki ya yi amfani da sukari, ko yana shan maganin rage sukari irin su glibenclamide, tsallake abinci kan sa sukarin jini ya faɗi ƙasa da 70 mg/dL a ma'aunin gwajin sukari, har jiki ya ɗauki rawa, zufa ta karyo, wani ma ya suma. Saboda haka a sanar da likita kafin a rage abinci, domin ya daidaita maganin da sabon tsarin.

Abin da ake nema ba mai yawa ba ne. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki, wato kilo 4 da rabi zuwa 9 ga mai kilo 90, yakan sa jiki ya fi karɓar aikin insulin, sukari da hawan jini su sauka.

A ganina, lemon kwalba da ruwan 'ya'yan itace ne ya kamata a fara bari, domin sukarinsu yana shiga jini da sauri kuma ba sa ƙosar da mutum. Wajen zuba abinci, a cika rabin faranti da ganye da kayan lambu, kwata kifi, ƙwai ko wake, sauran kwatan kuma hatsin da ba a cire dusarsa ba.

A haɗa da tafiya da sauri ta minti 150 a mako, musamman bayan cin abinci, sannan a riƙa yin gwajin HbA1c, wato gwajin jini da ke nuna matsakaicin sukari na watanni biyu zuwa uku da suka wuce, duk wata 3.