Yadda za a sama wa ƙaramin yaro wurin reno a Kano daidai ƙarfin aljihu

Mazauna Nasarawa GRA da Bompai suna da gidajen reno da makarantun nazare a kusa da su, amma iyayen da ke Dorayi, Kurna ko Rimin Kebe sukan tarar cewa wurin da ya kwanta musu a rai ya yi nisa, na kusa kuma ya cika maƙil. Saboda haka, a fara da lissafin hanya. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin adaidaita sahu na kai yaro da ɗauko shi kullum yana iya kamo kuɗin makarantar kanta, don haka a haɗa shi da kuɗin zango, na yunifom da na abinci kafin a yanke shawara.

Idan yaro ya kai shekara huɗu ko biyar, a leƙa firamaren gwamnati ta unguwa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara, kuma jihar Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019. A je wurin hedimasta kafin zangon Satumba, riƙe da takardar haihuwa da katin rigakafi, a tambaya ko akwai ajin share fage. Kada a tsaya a ofis kawai. A shiga ajin, a ga yawan yaran da ke hannun malama ɗaya, a duba banɗaki da ruwan sha.

Wanda bai kai shekara uku ba shi ne mai wuyar sha'ani, musamman ga uwa mai aikin albashi ko mai zuwa kasuwa. A nan, a ganina, haɗin kan maƙwabta ya fi kowace dabara. Mata huɗu ko biyar na layi ɗaya za su iya haɗa kuɗi kamar adashi, su biya wata dattijuwa da aka san halinta, ko su riƙa karɓa-karɓa a tsakaninsu. Tun ranar farko a yi magana a fili kan lokacin kawowa da na ɗauka, da wanda zai kawo abinci, da asibitin da za a nufa idan zazzaɓi ya taso. Gidan kuma ya kasance rijiyarsa a rufe take, murhu yana nesa da wurin wasa.

Abin da bai kamata a yi ba shi ne a cire babbar yarinya daga aji don ta goyi ƙaninta. Taimakonta ya tsaya ga ranakun da babu boko ko Islamiyya.