Yadda za ka sa sitonka ko masana'antarka ta kira ka da kanta idan wuta ta tashi

Sau da yawa gobarar da ke cinye dukiya da dare take tashi, lokacin da kowa ya kulle ya tafi, an kawo wuta da ƙarfi waya ta yi tartsatsi. Ta kasuwar Sabon Gari a Kano a 2016 ma cikin dare ta faro. Toh maimakon ka dogara da hancin maigadi, akwai na'urar da ita za ta ji hayaƙin, ta kunna jiniya, ta kuma buga maka waya.

Abu uku ne ake haɗawa. Masu jin haɗarin, akwatin da ke karɓar saƙonsu wanda ake saka wa sim kamar waya (a kasuwa ka ce alam mai sim, za su gane), sai jiniya.

Wajen masu jin haɗarin nan ne mutane ke ɓata kuɗi, don ba kowanne ne ya dace da kowane ɗaki ba. Mai jin hayaƙi a silin ake kafa shi saboda hayaƙi sama yake yi, ya dace da ofis da siton atamfa ko kwali. Amma in ka kai shi injin niƙa ko gidan burodi ko inda ake yankan katako, ƙura da tururi za su riƙa tada shi kullum, sati biyu ma'aikata sun gaji sun cire batirin, shikenan an koma gidan jiya. Irin wajen nan mai jin zafi ake sakawa. Shi ma ka duba, da yawansu kusan digiri 57 suke tashi, kuma ƙarƙashin kwanon da ba silin a watan Afrilu zafin na iya kusantar haka, sai ka ce wa mai haɗawar ya kawo mai lamba sama da wannan. In kuna aiki da tukunyar gas, nata na'urar ƙasa ake sa ta kusa da daɓe don gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Kusa da ɗakin janareto kuma a sa mai jin gubar hayaƙinsa, ita wannan gubar ba ta da wari ba ta da launi, mutum kasala kawai zai ji ya kwanta.

Sai akwatin. Dole ya zama da batirin ajiya a ciki ko a jona shi da inbata ko sola, in ba haka ba NEPA na ɗauke wuta ya mutu. Sim ɗin a yi masa rajista da NIN, a zaɓi layin da ya fi sabis a cikin ginin ba a bakin titi ba, kuma a riƙa zuba masa kati, don layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya rufe shi kai ba ka sani ba.

Yanzu lambobin da zai kira, wanda a ganina nan ne ainihin aikin. Maigida kan sa lambarsa a farko, alhali yana can wata unguwa yana barci waya a sailan. Fara da wanda ya fi kusa da wajen kuma yake da makulli, maigadi, sai manajan da ke zaune kusa, sannan kai. Saita shi ya yi kira ba tes kaɗai ba, kira ne ke tada mai barci, in ba a ɗaga ba ya wuce lamba ta gaba. Tes ɗin kuma ya faɗi wurin, misali "hayaƙi a sito na biyu", shi ya sa ake raba ginin shiyya-shiyya tun wajen wayarin. Guruf ɗin WhatsApp yana da amfani wajen sanar da sauran ma'aikata daga baya, amma kar ka jingina da shi, data na ƙarewa.

Kar ka sa na'urar ta riƙa kiran 112 ko 'yan kwana-kwana da kanta. Mutum ne zai tabbatar wuta ce sannan ya kira, ya kwatanta musu hanya. Rubuta lambar ofishinsu mafi kusa a bango da manyan baƙaƙe. Mai aikin dare shi kaɗai kuma a kunna masa kiran gaggawa a wayarsa, sababbin Android da yawa in ka danna makunnin sau 5 da sauri za su kira, su tura inda yake ga lambobin da aka zaɓa.

Da rana jiniya ce ke aiki, kuma kowa ya san abin yi in ta yi kuka, a fita ta ƙofar da ba a taɓa sa mata kwaɗo lokacin aiki, a taru waje ɗaya, a kira suna daga rajistar ranar. A sa maɓallin kunna jiniya da hannu kusa da ƙofa don wanda ya riga na'ura ganin wutar.

Duk wata a danna maɓallin gwaji a ga ko wayoyin sun yi ƙara da gaske, bayan hunturu a kakkaɓe ƙurar da ta shiga, wanda ya bar aiki a cire lambarsa ranar da ya tafi. Masu jin hayaƙin kuma in sun kai shekara 10 a canza su ko da fitilarsu na ƙiftawa.