Kafin Ka Kama Gidan Tafi-da-gidanka A Karkarar Ingila

Tsadar haya a Ingila tana sa wasu daga cikin 'yan'uwanmu da suka samu aiki a gonaki, ko masana'antun sarrafa abinci, ko gidajen kula da tsofaffi, su kama gidan tafi-da-gidanka, wato karaban, a sansanonin bayan gari. Sabon zuwa yakan ɗauka karkara wurin hutawa ce, amma a yankin noma irin Lincolnshire ba haka abin yake ba, kuma bangon karaban siriri ne ƙwarai, har tarin maƙwabcinka kana ji, balle ƙarar inji.

Manoma suna kafa wata na'ura mai aiki da iskar gas wadda ke fashewa kamar bindiga domin korar tsuntsaye daga amfanin gona, kuma duk wanda bai san da ita ba zai firgita matuƙa idan ta tashe shi da sanyin safiya. Ƙa'idar ƙungiyar manoma ta NFU ta ce kada a harba ta fiye da sau 4 a cikin awa ɗaya, kuma kada a harba ta kafin fitowar rana ko bayan faɗuwarta. A watan Agusta injinan girbi da na busar da hatsi sukan yi aiki har tsakar dare. Wanda ya zauna kusa da sansanin sojan sama na Coningsby kuwa zai sha rugugin jiragen yaƙi.

Saboda haka kada ka biya kuɗin kafin alƙalami don hoton da ka gani a intanet. Ka je da ƙafarka, da sassafe da kuma bayan magariba a ranar aiki, ka shiga ciki ka rufe taga ka saurara, sannan ka tambayi waɗanda suka daɗe a wurin. Ka nemi ɗakin da ke nesa da titi da ƙofar shiga. Ka kuma tabbatar lasisin wurin na zaman dindindin ne, ba na hutu ba, domin sansanin hutu ba a yarda mutum ya mai da shi mazauninsa na dindindin ba.

Idan ƙara ta hana ka barci, ka fara da manajan wurin cikin ladabi, kana rubuta rana da lokaci da tsawon kowace ƙara. In ba a gyara ba, ka kai koke sashen kula da lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma, wadda dokar kare muhalli ta 1990 ta ɗora wa nauyin bincike. Sai dai wannan doka ba ta shafi ƙarar jirgin sama ko ta motocin da ke wucewa a titi ba, shi ya sa na nanata maganar dubawa tun farko.

Mu ma akwai namu haƙƙin kiyayewa, domin daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe lokacin barcin jama'a ne, kuma doguwar hira da mutanen gida a waya da babbar murya tana shiga ɗakin maƙwabci. Abin toshe kunne yana taimakawa, musamman ga mai aikin dare da ke ramuwar barci da rana, amma tunda girki da ɗumama ɗaki a karaban galibi da gas ake yi, ka gwada ka tabbatar kana jin ƙararrawar hayaƙi da ta iska mai guba ko da kunnenka a toshe.