Yadda ake alƙalancin gasar nutso da numfashi ɗaya

A wannan gasa ɗan wasa ba ya goya tukunyar iska. Zai cika ƙirjinsa sau ɗaya ya nutse, sai a auna daɗewarsa, ko nisan da ya ci a kwamin ninƙaya, ko zurfin da ya kai a teku. Manyan ƙungiyoyi biyu ne ke shirya ta: AIDA, wadda aka kafa a 1992, da CMAS, wadda ta girme ta, domin tun 1959 aka kafa ta. Dokokinsu sun sha bamban, don haka kafin komai ka san ta wa za ka yi wa aiki. Abin da ke tafe tsarin AIDA ne.

Matakin farko shi ne kwas ɗin alƙalai da jarrabawarsa. Daga ƙasa ake farawa, a ƙananan gasanni, ƙarƙashin wanda ya riga ka gogewa. Ka koyi taimakon gaggawa ma, ko da yake ceto aikin likita ne da masu nutson da ke kula da lafiyar ɗan wasa a cikin ruwa.

Ranar gasa ka riga kowa zuwa. A teku, ka tabbatar an auna igiyar da za a bi, farantin da ke ƙarshenta ya sauka daidai zurfin da ɗan wasa ya ambata tun kafin ranar, kuma an maƙala ƴan alamomin da zai tsinko ya kawo shaida. Ka duba tsirkiyar da ke haɗa shi da igiyar, da agogon awon zurfi da aka ɗaura masa. Sannan a fara ƙidayar minti 2 zuwa lokacin nutsonsa. Idan a teku ne, yana da sakan 30 bayan cikar lokacin ya shiga.

Yana can ƙasa, abin da za ka gani kaɗan ne. Ainihin aikinka sai ya ɓullo. Da zarar hancinsa da bakinsa sun fito daga ruwa, ka danna agogo. Cikin sakan 15 dole ya yi abu uku a jere: ya cire duk abin da ke fuskarsa, tabarau da matsin hanci; ya haɗa babban yatsa da manuniya ya nuna maka alamar lafiya; sannan ya ce "I'm OK" da Turanci. In ya sauya jerin, ya faɗi. Ba don a wahalar da shi aka tsara haka ba. Iskar da ke jininsa ta yi ƙasa sosai, kuma mutum na iya fitowa ido buɗe alhali hankalinsa bai dawo ba. Za ka ga leɓensa ya yi shuɗi, kai na karkarwa, hannu na lalubar tabarau bai same shi ba. Kocinsa na gefe yana ta ihu ya numfasa. Wannan an yarda. Amma in wani ya tallafe shi da hannu, ko bakinsa ya sake nutsewa, ko ya suma, shi ke nan, ya faɗi.

A nan sababbin alƙalai suka fi tuntuɓe, saboda tausayi. Mutum ya sha wuya wata da watanni, ga shi ya makara da sakan ɗaya. A ganina kawar da kai a nan ba alheri ba ne, domin gobe zai ƙara zurfi yana zaton jikinsa ya ɗauka.

Kada ka yi gaggawar ɗaga kati. Ana jira aƙalla sakan 30 daga fitowarsa, ka kuma dubi abokin alƙalancinka. Fari na nufin komai daidai. Ruwan ɗorawa na nufin an karɓa amma da ragin maki, misali ya juyo bai kai faranti ba: maki ɗaya kan kowace mitar da ta rage, da ƙarin ɗaya na rashin alama. Ja kuwa, an soke nutson.

Ka rubuta sakamako da dalilin katin nan take. Ɗan wasa na da damar ɗaukaka ƙara, kuma idan ya yi, ku alƙalai za ku zauna ku sake kallon bidiyon fitowarsa kafin ku yanke hukunci.